Jan Goro a Bakin Ƙulli

Ni tela ne, a gefen babbar kasuwar Malanbil nake da rumfa, kuma da na tsaya ga kekena da ban jawo wa kaina wannan labari ba. Sai dai tun ina ƙarami nake da ciwon rubutu. Lekol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, a aji shida na tsaya, ɗan faransancin da na tsinta ma ya zube a hanya. Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi rubuta Hausa, sai ya zamana bayan kayena, wato littafin da nake rubuta awon mutane, duk ya cika da labarai marasa kai da gindi. Ba wanda ya taɓa karanta su, ko matata.

Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da nake yi wa ɗinki shi ya ba ni labarin cewa an buɗe zaman koyon rubuta labari a wata lekol da ke bayan unguwarmu. Atiliye ake kiran abin. Ranar Laraba da yamma ake yi, lokacin da yara ba su da karatu, aji yana zaune banza. Na yi mako biyu ina jan ƙafa, na uku na rufe rumfa na tafi.

Mu goma sha ɗaya muka fara, mu shida muka gama. Manya da mu, muna cusa gwiwoyi ƙarƙashin teburan yara, wasu na rubutu da Dandanci, harshen mutanen garin, wasu da Hausa. Mai koya mana wata dattijuwa ce daga Gaya, garin da ke ƙetaren kogi, malamar lekol da ta daɗe da ajiye alli. Madam muke ce mata. Tun da aka rufe gadar kan iyaka a jirgin ruwa take ƙetarowa, kullum bakin zanenta a jiƙe, kullum kuma a gajiye, amma ba ta taɓa fashi ba. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da mugunta. Doka ɗaya ta kafa mana tun ranar farko: in ana tattauna rubutunka, ka kama bakinka. Ta ce mai karatu ba zai same ka a gefensa kana yi masa bayani ba, don haka ka saba tun yanzu.

Labarina na farko a kan wani attajiri ne da ɓarayi suka biyo har cikin jirgin sama. Na karanta shi da ƙarfi, kaina na kumbura. Na gama na zauna. Madam ta cire tabarau ta dube ni.

"Tela, ka taɓa shiga jirgin sama?"

Na girgiza kai, tunda an hana ni magana.

"Ka taɓa ganin attajirin ga? Wace kalar riga gare shi? Kai da ka ɗunkin riga kullum, ko aljihu ba ka ba shi ba."

Aka yi dariya, tsohon duwan ya fi kowa, alhali nasa labarin ya fi nawa ƙarya. Ranar na koma gida ina rantsuwa ba zan sake zuwa ba. Laraba na zagayowa na riga kowa zama.

Haka muka yi wata biyu tana rushe mana gini. A hankali na fara gane abin da take nufi. Ta hana mu rubuta "ransa ya ɓaci", sai dai mu faɗi abin da hannunsa ya yi. Ta sa mu zauna bakin tasha mu rubuto maganar ƴan kabu-kabu yadda ta fito daga bakinsu. Ta koya mini yanke jimla kamar yadda nake rage tsawon wando, ba tare da tausayin yadin da zai faɗi ƙasa ba. Ban taɓa jin daɗin wani karatu kamar wannan ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi nadamar wannan ɓangaren ba.

Wata Laraba ta ce kowa ya zo da wani abu daga gidansa, ƙarami wanda zai shiga tafin hannu, ya rubuta abin da idonsa ya gani a jikinsa kawai. Na duba rumfa ban ga abin ɗauka ba, sai wani guntun tsumma mai ƙulli da na yanke da almakashi ranar kasuwar da ta wuce, yana cikin tarin ƙyallaye. Na jefa shi aljihu.

Dole in yi bayanin tsumman nan. Ni ɗan fari ne. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ake kiran abin, kuma matan zamanin uwata suna alfahari da wadda ta fi riƙe ta. Uwata ta fi kowa a ƙauyenmu Madekali. Ana yaye ni aka kawo ni Malanbil wajen kakata ta wajen uba, ita na tashi ina kira Inna. Uwata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗi. In na je Madekali da salla, ina durƙushe ina gaishe ta, ita tana amsa wa bango. In za ta ce a ba ni abinci, ƙanwata take wa magana: "Ki kai ma na wajen tsohuwa." Shi ne sunana a bakinta, har bayan tsohuwar ta rasu, har na yi aure na haihu.

Amma tun ranar da na fara koyon ɗinki, duk ranar kasuwa akwai wata maƙwabciyarta mai kawo kuɓewa da takan biyo ta rumfa. Sai ta ajiye ɗan ƙunshi a kan teburin yanka, ta ce, "An ce a aje nan," ta wuce. Yaji ne na ƙuli-ƙuli, dakan hannu, wani lokaci da ƴan busassun kifi biyu ko uku. Ba ta taɓa cewa wa ya aiko ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Shekara ashirin ana haka. Ƙullin yakan ɗauru tamau har farce ba ya iya kwance shi, shi ya sa nake sa almakashi, in juye yajin a gwangwani, in yar da tsumman.

Abin da na rubuta a aji layi huɗu ne: tsumma ne shuɗi, daga tsohon zane, da ƙulli, yana ƙanshin yaji. Madam ta karɓi tsumman ta juya shi a hannu, ta matsa bakin taga.

"Wanga jan fa? Ba ka rubuta shi ba."

Na duba. A ɗaya bakin ƙullin akwai ɗan jan tabo, da wasu ƙananan alamu a jere inda yadin ya lotsa.

"Yau na ɗage maka doka," in ji ta. "Mi ya kawo ja ga bakin ƙulli guda, ɗayan babu?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Babban yatsan uwata na dama ya sanƙare tun tana budurwa, lauje ya sare shi wajen girbin shinkafa. Ba ta iya ɗaure abu da hannu biyu. Takan riƙe baki ɗaya da hagu, ta kama ɗayan da haƙori ta ja. Kuma ba ta rabuwa da goro. Shekara ashirin ina yanke wurin da bakin uwata ya taɓa ina zubarwa cikin shara, ban taɓa dubawa ba.

Na faɗa musu haka. Ba wanda ya yi dariya. Madam ta miƙo mini tsumman ta ce, "To ga labarinka. Bar jirgin sama."

Sau takwas na sake rubuta shi. Ta sa na cire duk inda na yi wa'azi, ta sa na cire kukan da na ƙirƙira wa kaina a ƙarshe, ta bar yatsan, da haƙorin, da jan goron, da "an ce a aje nan". Shafi uku ya rage, kuma ko ni na san ya yi kyau. Da zaman ya zo ƙarewa aka ce gidan radiyon garinmu ya ba mu fili, mutum uku za su karanta nasu. Ni Madam ta fara zaɓa.

Matata ce kaɗai ta ja ni baya. Na karanta mata a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ya yi daɗi. Amma Yaya ta san da shi?"

Na ce ai babu suna a ciki. Na cire sunan gari, na cire kuɓewa na sa albasa, har shuɗin zanen na mayar kore. Wa zai gane?

"Mata nawa ka ɗaurin ƙulli da haƙori Madekali?" ta ce.

Na yi kunnen uwar shegu da ita. Na ce ba ta san sha'anin rubutu ba. A atiliye an koya mana cewa ƙaramin abu na gaskiya shi ne ran labari, kuma in na cire yatsan me ya rage? Wannan ita ce hujjar da na ba ta, kuma gaskiya ce. Amma akwai wata a ƙasanta da ban faɗa ba: so nake uwata ta ji. Ba ni da hanyar da zan tsaya gabanta in ce na gode, domin wanda ba a ce ya ba ka ba, ba ka da damar gode masa. Na ɗauka in ta ji ta radiyo, daga nesa, ba ido cikin ido ba, za ta ji daɗi a ranta ta yi shiru, ni ma in yi shiru, mu ci gaba yadda muke. Ban yi tunanin cewa radiyo ba kunne ɗaya yake shiga ba.

Ranar Lahadi da hantsi na karanta. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Kafin in iso rumfa salulata ta yi ƙara ya fi sau goma. Wani mai sayar da taya da ban taɓa magana da shi ba ya tare ni ya ce shi ma ɗan fari ne, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Tsohon duwan ya ce daga yau sunana marubuci. Kwana biyar ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ranar kasuwa mai kuɓewa ta zo kamar kullum. Ta tsaya bakin rumfa, ba ta ajiye komai ba. A shekara ashirin ba ta taɓa zama a bencina ba, ranar ta zauna.

"Ɗana, kai na anka ji ga radiyo?"

Na ce ni ne, Iya.

"Muna gidan suna, muna tuƙin tuwo, mu wajen talatin, radiyo na rataye ga darni. Tun da anka hwara wasu sunka ce wagga murya mun san ta. Da kaz zo wajen yatsa da goro, dut mata sunka waiwaya gare ta. Wata tac ce, 'Ashe ke ma kina da ɗa Malanbil?' Anka kwashe da dariya. Wata ƴar yarinya tak kama bakin zanenta da haƙori tana ja, tana kwaikwayo. Ba da mugunta sunka yi ba, wasa na. Amma ka san ta."

Na tambaya me ta ce.

"Ba ta ce komi ba. Ta aje muciya, ta tahi gida. Kwana ukku ba ta hito ba, ko rijiya."

Na dubi hannuwanta, har yanzu ina sa ran za ta zaro ƙunshin daga cikin zane. Ta lura, ta ce, "Ba a ba ni komi ba," ta tashi ta ɗauki kwandonta.

Ga wanda ba a nan ya tashi ba, abin zai yi kama da ƙaramar magana. An ce uwa tana son ɗanta, ina laifi? Amma uwata ba ta da gona tata, ba ta je Makka ba, ba ta da wani abin da ake nuna ta da shi sai wannan. In ana yi wa amare faɗa a Madekali, da ita ake misali: shekara kusan arba'in ba a taɓa jin ta yi subul da baka ba. Kowa ya san da ƙunshin, har matan da suka yi dariyar, amma muddin ba a faɗa ba, mutuncinta yana nan kuma yajina yana zuwa. Ni na faɗa, da muryata, a gaban gari duka. Ba na son wannan al'ada, ban taɓa son ta ba, ta cuce ni tun ina yaro kuma har gobe ina jin haushinta. Amma ba al'adar na kunyata ranar ba.

Washegari da safe na hau kabu-kabu zuwa Madekali. Duk hanya ina shirya magana, ina gyara ta kamar aikin aji, ina cire wannan ina sa wancan. Na sami uwata a inuwar rumbu tana zage ganyen zogale cikin ƙwarya, ƙanwata na gefe. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina kwana." Na jira ta amsa wa bango yadda ta saba.

Sai ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, ta kira sunana. Sunan yanka, cikakke, yadda ake kiran mutum a layin likita.

Tun ina ɗan shekara biyar nake son jin wannan suna a bakinta. Na sha kwanciya ina ƙissima yadda zai fito. Da ya fito, sai na ji da ma ƙasa ta tsage. Ƙanwata ta tashi ta shige ɗaki.

"Ka so a ji, an jiya," ta ce. "Dut gari ya jiya. Yanzu mi ar rage?"

Maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Yaya, godiya niy yi nuhi."

"Ban tambaye ka godiya ba."

Ta mayar da kai ga zogalenta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka sha ruwa ka koma, rana na yi." Kai tsaye ta faɗa mini, ba ta hannun kowa ba, da irin ladabin da ake yi wa baƙon da ya biyo tambayar hanya. Na sha ruwan na koma.

Larabar ƙarshe, da aka raba mana takardun shaida, na jira kowa ya fita na gaya wa Madam. Na zo da fushi, ina son in ɗora mata rabin laifin. Ita ba baƙuwa ba ce, ƴar ƙetaren kogi ce kawai, ta san kunya sarai. Me ya sa ba ta tsayar da ni ba? Ta zauna a kan teburin yara.

"Ya kamata in tuna," ta ce. "Rubutun nis saurara, nim mance da matar." Ta ninke tabarau ta sa a jaka. "Ni ma ɗiyar hwari ta. Tawa ta rasu ban samu ko tsumma ba. Ina ji shi as sa."

Na raka ta bakin ruwa na riƙe mata jaka har ta shiga jirgi, ba mu sake maganar ba. Ban kuma sake ganin ta ba, sai gaisuwa da takan aiko jefi-jefi.

Bayan wata huɗu yaji ya dawo. Mai kuɓewa ta ajiye shi a kan teburin yanka, cikin baƙar leda, da sako-sakon ɗauri irin na ƙanwata, ta ce, "Uwarka ta ce a ba ka." Haka, a fili, gaban masu jiran ɗinki. Yajin bai canza ba, dakanta ne. Na ce a ce na gode, aka ce za a faɗa. Daga nan duk ranar kasuwa haka yake zuwa. In na je Madekali tana amsa gaisuwata, tana kiran sunana, tana tambayar yara da aiki, kamar yadda take wa kowa. Ƙanwata ta gaya mini Yaya ba ta ƙara ɗaure komai a gaban mutane ba. In za ta ɗaure ko ƙunshin gishiri ne, sai ta shiga ɗaki, ko ta miƙa wa wani.

Shekara biyu uwata ta yi a haka. Da daminar bara ta kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Shi ya sa nake iya rubuta wannan yanzu, ba wanda zai ƙara waiwayawa ya dube ta.

Ban daina rubutu ba, ƙarya ne in ce na daina. Abin da Madam ta koya mini yana nan, ido ya riga ya buɗe. Sai dai kafin in sa wani a takarda nakan tambayi kaina a ina zai kasance ranar da za a karanta, da su wa, da me a hannunsa. Wannan ba a koya mana a aji ba.

A lissafina ƙunshi ya kai dubu da ta aiko mini da ɗaurin bakinta. Duka na yanke na zubar, sai guda ɗayan da na kai atiliye. Yana cikin aljihun kekena tare da allurai da alli. Ƙanshin yajin ya daɗe da fita, jan goron ya koma ruwan ƙasa, amma in na kai shi bakin rumfa inda haske yake, ana ganin sawun haƙoran, guda huɗu.